Daga Hashiyar Sifawa Zuwa Fuskar Waya: Tarihin Tsarin Shafi a Ƙasar Shehu

Wanda ya taso daga Horo Birni a ƙasar Shagari ya nufi Sakkwato, in ya hau babban titin nan da ya fito daga Jega, sai ya ratsa Sifawa da Boɗinga kafin ya ga birni. Fasinjan yau da wuya ya ɗaga kai ya dubi garuruwan nan biyu. Kansa na sunkuye, babban yatsansa na ta shafar gilashin waya. Da ya san inda yake wucewa da ya ɗan dakata, domin shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce, da wuya a sami wani yanki a ƙasar Hausa da ke shan tawada da cin takarda kamar wannan ɗan tsakani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 har zuwa 1815, lokacin da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi zamansa a Boɗinga, tafiyar da ba ta isa a ɗaura wa doki sirdi ba. Yaƙi ya lafa, alƙalami ya samu sarari. A waɗannan shekaru ne Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ya haɗa Tazyinul Waraƙat a 1813 ya kuma duƙufa kan tafsirinsa Diya'ut Ta'awil.

Babu injin buga littafi. Duk littafin da ya fita daga hannun malam sai an sami mai juyi ya zauna ya kwafe shi warƙa-warƙa, wani ya kwafa daga nasa, a haka har ya isa Kano ko Katsina ko Adamawa. Kowane mai juyi kuwa, da zarar ya shimfiɗa farar takarda a kan cinyarsa, tambayoyin da ke gabansa su ne ke gaban saurayin da ke zaune a wani ofis a Kaduna ko Legas yau yana tsara shafin intanet: ina idon mai karatu zai fara sauka, me za a girmama me za a ƙanƙanta, in ya gama wannan ta ina zai bi ya kai na gaba, in ya ɓace ta yaya zai komo. Sana'ar tsara shafi ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Mutanen wannan yanki sun yi ta, kuma kowane sashe nata suna da sunan da suke kiransa.

Takarda a lokacin abu ce mai tsada. Galibinta daga Italiya take fitowa, ta biyo Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. In ka ɗaga ta ga hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. Duk da tsadar nan, in littafin na karantarwa ne, mai juyi ba ya cika shafi. Yakan rubuta matani a tsakiya da manyan baƙaƙe, layi kaɗan, ya bar tazara tsakanin layi da layi, ya bar fili mai faɗi a gefe huɗu. Wanda bai sani ba sai ya ce ɓarnar takarda ce, alhali filin nan na ɗalibi ne. Ranar da ya ɗauki littafin gaban malami, duk kalmar da ta yi masa tsauri sai ya rubuta ma'anarta da ƙananan baƙaƙe a bisanta ko a ƙarƙashinta, da Larabci mai sauƙi, ko da Fulatanci, ko da Hausa cikin ajami. Bayanin da ya fi ƙarfin tsakanin layi sai a fita da shi gefe, wato hashiya. Ita hashiya ba ta bin sahu. Wata a kwance, wata a karkace, wata ma a kife sai ka juya takardar kafin ka karanta, kuma amfanin karkacewar shi ne ido ba zai rikita maganar mawallafi da ta mai sharhi ba. Akan sa 'yar alama a kan kalmar da ke cikin matani a maimaita ta a bakin bayanin da ke gefe, ko a ja ɗan siririn layi daga kalmar zuwa can. Ka ga alama, ka bar inda kake, ka je ka sha bayani, ka dawo. Abin da muke kira mahaɗi ke nan a shafin intanet, shuɗin rubutun nan da ake dannawa, sai dai a wancan zamani ido ne ke yin tafiyar da ƙafarsa.

Farkon littafi da ƙarshensa suna da tasu ƙa'ida. Sama bisimilla da salati, sai sunan mawallafi da na mahaifinsa da laƙabinsa, sai sunan littafin. A ciki, duk inda babi ko fasali ya fara akan canja alƙalami a sa jar tawada, don mai neman mas'ala guda ya tsallake baƙi ya bi ja har ya same ta. A ƙarshe kuma tammat: mai juyi ya sanar cewa littafi ya cika, sau da yawa ya rubuta sunansa da na wanda ya yi wa aikin, ya roƙi mai karatu addu'a.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne littattafan nan ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne sake, a tara su cikin tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Hikimar ita ce littafi guda ya wadaci ɗalibai biyar a zaure ɗaya, kowa da warƙar da yake biyawa. Haɗarin kuma iska ce, ko akuya, ko yaro mai rarrafe. Lambar shafi ba al'adarsu ba ce, to in warƙoƙi sun watse yaya ake mayar da su? A can kusurwar ƙasa ta hagu, a bayan kowace warƙa, mai juyi yakan rubuta kalma guda ita kaɗai, wato kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Larabawa na kiranta ta'aƙiba ko raƙƙas. Ni dai har yau ban ga maɓallin "na gaba" da ya kai wannan dabara ba, domin ita tana tsegunta maka abin da za ka tarar tun kafin ka isa.

Gwanintar duka tana cikin Alƙur'ani rubutun hannu na ruwayar Warshu. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigo ne ruwan ɗorawa, alifin da ake haɗewa ɗigo kore. Ƙarshen aya 'yan ƙwayoyi uku ne a cure, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma kuri. A gefe kuma zayyana ce ke gaya maka inda kake: sumuni, rubu'i, nusufi, izu, da wurin sujada, kowanne da kamanninsa. Izu sittin, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan, kuma alaramma zai zaro maka warƙar da kake nema tun kana laluben baƙaƙe a akwatin bincike na wayarka. Launi a nan aiki aka ɗora masa, kyan gani daga baya ya biyo.

Ƙasa da wannan duka akwai allo, dogon katako mai mariƙi a sama, a rubuta, a biya, a wanke, a sake wani. Da kwamfuta ta zo, Bahaushe ya dubi gilashinta ya ce allo, bai ko tsaya shawara ba. Fuskar da rubutu ke gushewa a kanta wani ya maye gurbinsa ai ya san ta tun yana ɗan shekara biyar.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, kuma cikin abubuwan da suka juya har da hanyar ido. Shafin da ake farawa daga dama ya koma ana farawa daga hagu, bangon da malam ya sani farkon littafi ne ya zama ƙarshensa. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da boko a 1912. Amma shafin boko bai zauna da gindinsa ba sai a Zariya, a Hukumar Talifi ta Dokta Rupert East, wadda gasarta ta 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A watan Janairu 1939 kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Malam Abubakar Imam na editanta.

Jarida wata halitta ce daban. Littafin malam magana guda yake bi daga bisimilla zuwa tammat, ita kuwa labari goma take bajewa a fuska ɗaya kamar kayan koli, kowanne yana jan rigarka. Shi ya sa ta zo da rubutu a tsattsage cikin ginshiƙai, da kanu manya da ƙanana gwargwadon nauyin labari, da hoto mai ɗan bayani a ƙarƙashinsa, da talla a cikin akwati, da sunan jarida a goshi, da "duba shafi na huɗu" a inda wuri ya ƙare. A nan Hausa ta horu da kalmomin da tashoshin labarai ke liƙawa a shafukansu na intanet har gobe: shafin farko, kanun labarai, ƙarin bayani, ci gaba, fili. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, Kano Sodangi, Katsina Himma, Lardin Sakkwato kuma Zaruma. Irin waɗannan takardu ne ke isa hannun magidancin da ya koyi boko da girmansa a ajin yamma. Tsarar Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi allo a gida, ya yi boko a Yabo da Sakkwato da Kaduna kafin ya zama malamin makaranta, su ne suka tashi da ido iri biyu, ɗaya na bi daga dama ɗaya daga hagu, ba tare da sun yi karo ba.

Abu biyu suka sha wuya a wannan sauyi. Na farko hashiya. A littafin boko gefen shafi fari ne fat, kuma ɗan makarantar da ya kuskura ya rubuta wani abu a littafin gwamnati ya san abin da zai biyo baya. Tsohon tsarin ya tsira ne ta wata hanya, lokacin da maɗaba'u suka fara ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa yadda yake, har rubutun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari na Kano ya shiga kowace kasuwa da zayyanarsa da jan wasalinsa. Na biyu baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Injin Bature bai san su ba. An gwada ɗigo a ƙarƙashi, an gwada waƙafi a gefe, sai a shekarun 1930 aka tsayar da masu ƙugiyar nan. Da tafireta ta cika ofisoshi kuma, akawu ya koma bin takarda da biro yana ɗora wa kowace k ƙugiyarta. Wannan ciwo zai sake tashi.

Shafin intanet na farko, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ba shi da wani tsarin a zo a gani: rubutu ne da mahaɗai, daga sama zuwa ƙasa. A 1993 manhajar Mosaic ta sa hoto ya zauna tare da rubutu. A watan Oktoba 1994 shafin HotWired ya liƙa tallar kamfanin AT&T mai siffar dogon ƙyalle a goshinsa. Da kuɗi ya shigo, masu jarida da masu talla suka shigo da idonsu. Suna son ginshiƙai, harshen HTML kuwa ba a gina shi don ginshiƙai ba. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki: sai suka kama jadawalin da aka tanada don jera lissafi, suka ɓoye layukansa, suka cusa rubutu da hotuna a gidajensa. An yi wajen shekara goma ana wannan rufa-rufa, duk da cewa CSS, ƙa'idar da ta raba ado da abin da ake faɗa, ta fito tun watan Disamba 1996.

Daga nan aka samu fasalin da ya game duniya. Kai a sama, da tambari a kusurwar hagu wanda in ka danna shi ya mayar da kai shafin farko. Ƙarƙashinsa jerin sassa a kwance, akwatin bincike a dama. Jiki a tsakiya, siririn ginshiƙi a hagu da wani a dama, sai ƙafa a can ƙasa mai ɗauke da adireshi da maganar haƙƙin mallaka. Wahalar daidaita ginshiƙan nan uku ta sa masu sana'ar suka laƙaba wa fasalin sunan wani ƙoƙo mai tsarki na tatsuniyoyin Turai, wanda jarumai suka ƙare rayuwarsu suna nema. Da mai juyin Sifawa zai gan shi ba zai yi baƙunta ba: matani a tsakiya, hashiya a gefe biyu, buɗewa a sama, rufewa a ƙasa. Abin da zai ɓata masa rai shi ne filin da ya bar wa ɗalibi yanzu mai talla ne ya yi haya. Ido kuwa ba wawa ba ne. Tun 1998 masu bincike a Amurka suka lura cewa ya koyi tsallake duk abin da ya yi kama da talla. A 2006 Jakob Nielsen ya bi idon masu karatu da na'ura ya ga ba sa karanta shafi duka: sukan share layin sama, su share rabin wani a ƙasa da shi, sannan su gangara ta gefen hagu suna tsintar farkon layuka, kamar siffar harafin F. A shafukan Larabci komai juyewa yake, tambari ya koma dama, kibiyar "koma baya" ta dubi wancan gefe.

Su ma Turawa ba daga sama suka ciro kalmomin sana'ar ba, daga gida suka ara. Menu sunan takardar zaɓen abinci ne a gidan cin abinci. Sashen shafi da ido ke gani kafin a gangara suna ce masa saman ninki, don mai sayar da jarida yakan ninke ta biyu, labarin da ke sama shi ke sayar da ita. 'Yar hanyar nan da ke nuna maka Gida, sai Labarai, sai Wasanni, ɓarɓashin burodi suke ce mata, daga tatsuniyar Jamusawa ta wasu yara biyu da suka riƙa yarfa burodi a daji don kada su ɓata. Fuskar kwamfuta kuwa ofis ce sukutum, da tebur, da taga, da jakar fayil, da kwandon shara. Ba su ji kunyar kalmomin kicin da na tatsuniya ba, abin da masu fassara mana ya kamata su riƙa tunawa.

Arewa ta haɗu da shafi mai ginshiƙai uku ne a kafe, wato shagon intanet, a farkon shekarun 2000, ana biyan awa, hoto guda na saukowa kamar ana ɗaga labule. Mafi yawan masu zuwa duba sakamakon jarrabawa ya kawo su, ko cike fom, ko imel. Shafukan Hausa da suka fi jan mutane na tsofaffin abokan hira ne, BBC da ta fara Hausa a 1957, da DW, da Muryar Amurka, daga baya RFI da jaridar Aminiya. A nan tsohon ciwo ya tashi: ƙugiya ta sake faɗuwa. Baki da baƙi suka zama ɗaya, kafa da ƙafa suka zama ɗaya, mai karatu ya koma canka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa kwamfuta baƙaƙen Hausa masu suna Rabi'at da Abdalla tun a shekarun 1990, aikin da ya ceci littattafai da mujallu da dama. Matsalar ita ce in ka aika wa wanda bai sa su a tasa na'urar ba, ƙugiyar ba ta isa gare shi. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, shi ya kashe matsalar daga tushe, amma an daɗe kafin maɓallan waya su kawo ɓ da ɗ da ƙ kusa da yatsa, kuma kafin nan hannu ya riga ya saba da rashinsu.

Gaskiyar magana, mutumin ƙauye irin Horo Birni bai bi ta kafe ba. Tsallake kwamfuta ya yi ya dira kan waya. Kamfanonin waya na Econet da MTN sun fara aiki a watan Agusta 2001, Glo a 2003, kuma fuskar farko da talaka ya koyi sarrafawa ita ce ta 'yar Nokia mai tocila, wadda samari suka raɗa wa sunan da ba a faɗa gaban surukai. Dattijon da bai yi boko ba ya haddace ta yadda ake haddace hanyar gona: danna tsakiya, gangara biyu, danna kore. Ba ya karanta rubutun da ke jiki, wurin abu ya riƙe. Wannan shi ne babban sirrin tsarin shafi, kuma shi ya sa duk ranar da kamfani ya sabunta manhaja ya matsar da maɓalli guda, sai ka ga layi a rumfar mai caji.

Ƙaramar fuska ba ta ɗaukar ginshiƙi uku. Opera Mini, wadda samarin wancan lokaci suka rayu a kanta saboda tsimin data, takan matse shafi ta mayar da shi ginshiƙi ɗaya dogo. iPhone ta fito a 2007, Android a 2008, wayoyin Tecno da itel da Infinix suka sauko da gilashin shafawa zuwa aljihun ɗan kabu-kabu. A watan Mayu 2010 Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafi mai miƙewa da tsukewa gwargwadon faɗin fuskar da ya samu kansa, a 2011 kuma ma'aikatan Twitter suka saki Bootstrap, wani shiryayyen ƙwarangwal mai ginshiƙai da kowa ke ɗauka kyauta, dalilin da ya sa shafin jami'a da na banki da na mai sayar da atamfa suka koma kamar 'yan uwa ɗaya. Jerin sassa ya rasa wurin zama, aka cusa shi bayan 'yan sanduna uku a kusurwa. Alamar tsohuwa ce, Norm Cox ya zana ta don kwamfutar Xerox Star ta 1981, Turawa kuma suna ce mata hamboga don ta yi musu kama da burodi biyu da nama a tsakani. Labarai suka koma kati-kati. Hashiya ta sake mutuwa, wannan karon har da filinta. Sai kuma dabarar da Aza Raskin ya fito da ita a 2006, ta shafin da kana gangarawa yana haihuwar wani, wadda shi da kansa ya fito daga baya ya ce ya yi nadamarta.

Kalmomin Hausa na wannan duniya ta rafi biyu suka gangaro. Ɗaya na masana da gidajen rediyo da kamfanoni ne. Microsoft ya fassara fuskar Windows zuwa Hausa a zamanin Vista da Windows 7, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a watan Disamba 2013, Facebook ya samu fuskar Hausa a 2016. Daga wannan rafi wasu sun kama ƙasa. Manhaja, wadda da tsarin karatun makaranta take nufi, yanzu kowa ya san ta. Yanar gizo ta zauna kafaɗa da kafaɗa da intanet. Kalmar sirri ta shiga. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kuwa ta yi wa baki tsawo, kwamfuta ta kayar da ita, linzamin kwamfuta ma bai fita daga aji ba sosai, don mafi yawan mutane ba su taɓa riƙe abin ba. Hukumar JAMB ta gane haka bayan ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013 ta mayar da ita dole a 2015: ɗan ƙauyen da ya san amsa yana iya faɗuwa saboda kibiya ta ƙi tsayawa inda yake so, sai aka shirya yadda maɓallai takwas kawai za su wadatar, huɗu na amsa, sauran na gaba da baya da miƙawa da fasawa.

Ɗaya rafin na bakin titi ne, kuma shi ya fi ruwa. Danna, latsa, shafa, ja, tura, ɗora, sauke, goge, duk aikatau ne na hannu da Hausa ke da su tun kafin a haifi wutar lantarki. Taron mutane a WhatsApp ya zama zaure, da mai zaure da dokokinsa da wanda ake kora. Facebook ya zama dandali. Inda babu ta gida aka hausantar da baƙuwa ba tare da neman izini ba: data, caji, sabis, alat, taransifa. Inda fassarar ofis ke tuntuɓe shi ne inda ta bi ƙamus ta bar aiki. Maɓallin aika wa wasu abin da ka gani an sha fassara shi da "raba", alhali Bahaushe in ya raba abu kasonsa raguwa yake, in ya raba mutane kuwa faɗa aka yi. Shi ya sa baki ya ƙi, ya ce tura, ko yaɗa, ko a yi sharin. Na sha ganin wanda ya mayar da wayarsa Hausa da murna, kwana biyu ya roƙi a mayar masa da Turancin da ba ya ji, don waccan ya haddace ta, wannan kuwa tana magana da Hausar da ba a yi a garinsu.

Farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya ƙafar da tsabar naira, maganar ta tashi daga ado ta koma ta abinci. Mai awo da mai kifi da dillalin awaki duk suka koma taransifa, wasu ta manhajar banki, wasu ta lambobin nan masu tauraro da ke kawo jerin zaɓi, danna 1 danna 2. A lokacin ne mutane suka gane cewa tazarar da ke tsakanin maɓallin tabbatarwa da na sokewa tana iya zama tazarar buhun gero. Maɓallin da ya fi kowane yi wa mutanen karkara aiki kuwa ba shi da rubutu ko ɗaya: 'yar makirufon nan ce da WhatsApp ya kawo a 2013, ka danne ka yi sallama ka faɗi damuwarka. A 2014 ya ƙara da sandunan nan biyu masu komawa shuɗi in an karanta saƙo, launi ya sake karɓar aiki irin wanda jar tawada ta riƙe.

Ajami ne ya zo a makare. Sai a 2016 Unicode ya ware wa fa'un da ƙaf da nun irin na rubutun Afirka lambobinsu, bayan haka ƙungiyar SIL ta saki baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka kwaikwayo daga hannun marubutan Kano. Shafi guda ne dai ya ƙi tsukewa ya ƙi miƙewa. Manhajojin Alƙur'ani da yawa hoton shafin mushafi suke nunawa yadda yake, kamar bugun Madina mai shafi 604 da layi 15, domin mahaddaci ya san ayarsa tana saman shafin dama ne ko ƙasan na hagu, in ka matsar da ita ka taɓa masa hadda.

Wata rana da la'asar, a wani zaure tsakanin Horo Birni da Shagari, na tarar da wani tsohon malami da warƙoƙi a gabansa, jikansa na gefe yana koya masa waya. Yaron ya ce, "Malam, taɓa sandunan ga ukku." Ya taɓa, jeri ya fito, ya gyaɗa kai, ya ce wannan ai fihirisa ce. Aka shiga dandali, yaron ya nuna masa yadda ake shafawa sama. Tsohon ya shafa, ya sake shafawa, ya yi ta shafawa har ladan ya fara gyaran murya.

"Kai, ɗan nema, ina ƙarshenai?"

"Bai da ƙarshe, Malam, sai data ta ƙare."

Ya miƙa masa wayarsa. Iska ta riga ta hargitsa warƙoƙin da ke kan buzu, sai ya ɗauki ta sama ya juya bayanta, ya dubi kusurwar ƙasa ta hagu, ya shiga neman 'yar uwarta.